Mama Almakashi da Ƙofar Zaure

Saƙon 'yan damfara ba ya wuce ƙarfe shida da kwata na safe a zaurenmu. Wannan ne abu na farko da na lura da shi, kuma ban gaya wa kowa ba, don ni ba gwanar magana ba ce. Zauren na teloli ne, a waya, mu dubu da ɗoriya: masu ɗinkin mata, masu kwat, masu labule, da irinmu da muka gama jami'a muka zo muna koyon taka keke. Ina tashi da wuri in share shagon da nake koyon aiki, to kafin in ɗauki tsintsiya nakan leƙa zaure. Nakan tarar da saƙo ɗaya ko biyu na waɗanda suka sace asusun wani memba suna cewa a danna nan a samu keke kyauta. Kafin in gama shara sun ɓace. Kullum haka, sai ranar Talata. Ranar Talata sukan kai ƙarfe sha ɗaya suna nan.

Na rubuta wannan a bayan littafin awo na, kawai don ya ba ni sha'awa. Wata shida ina kallo, bai taɓa saɓawa ba.

Sai aka yi abin da ya tayar da zaure tsaye. Masu riƙe da makullin zaure, waɗanda muke kira admin, su biyar ne. Ɗaya daga cikinsu, Mai Labule, ya daɗe da canza layi bai gaya wa kowa ba, tsohuwar lambar ta faɗa hannun wani baƙo, da makullin da komai. Wata Laraba da rana baƙon ya fara korar mutane daga zaure ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince zare a jikin yadi. Sai da ya fitar da mutum arba'in kafin Anti Zigizag ta ankara ta cire shi.

Anti Zigizag ita ce shugabar zaure. Sunan ya samo asali ne daga maganarta, don idan ta fara saƙon murya a kan farashin zif, sai ta bi ta kan ciwon bayanta da auren ƙanwarta kafin ta dawo kan zif ɗin. Ranar ta aiko saƙo goma sha ɗaya a jere. Oga Mai Kwat kuma, mataimakinta, mutum mai son tsari wanda ko alli sai ya jera shi bisa tsawo, ya rubuto doka: duk admin ɗin da ya yi kwana casa'in bai ce uffan a zaure ba, a karɓe makullinsa. Za a kaɗa ƙuri'a ranar Asabar a shagon Anti. Zaure ya ɗauka da murna. Kowa yana cewa lokaci ya yi, masu barci su sauka.

Da aka zo neman wanda zai ƙirga saƙonnin kowane admin, Anti ta ce, "Ina yarinyar nan mai digiri? Ke Shiru-shiru! Ba lissafi aka ce kin karanta ba? To ga ranar amfaninsa."

Haka na samu aikina na farko da ya shafi takardar shaidata. Na yi ta murna a ɓoye, har na sayi sabon biro.

Ƙirgar ba ta da wuya. Anti tana da saƙo dubu ɗaya da ɗari huɗu a kwana casa'in. Oga Mai Kwat yana da ɗari biyu, yawancinsu gyaran doka. Akwai wani da ya bar ɗinki ya koma tuƙin mota, ba shi da ko ɗaya. Sai ta ƙarshe a takardar da Anti ta ba ni, Mama Almakashi, ita ma ba ko ɗaya, kuma da na ja baya sai na ga rabonta da magana wata takwas.

Ban taɓa ganin Mama ba, amma na san labarinta, don tsofaffin membobi ba su gajiya da ba da shi. Ita ta kafa zauren. Tun tana 'yar shekara sha huɗu take ɗinki, da keken hannu ta fara, ta yi shekara talatin da wani abu tana ɗinka kayan 'yan makaranta, ta yaye almajiran ɗinki sun fi hamsin. Da suka watsu, kowa ya buɗe shagonsa, sai suka dame ta da kira: Mama keke yana cin zare, Mama wuyan riga ya ƙi zama. Ta ce a tara su wuri ɗaya ta huta. Mutum goma sha tara ne suka fara. An ce ba ta rubutu, murya take aikowa, murya mai ƙarfi da ake ji daga shago uku, kuma idan gardama ta yi tsawo sai ta shigo da kalma biyu ta datse ta. Shi ya sa ake ce mata Almakashi. An ce ta taɓa sauraron wani yana kukan kekensa a saƙon murya, ta ce masa, "Kekenka lafiya lau yake, allurarka ce a juye." Ya duba, haka ne.

Sai kuma ta yi ɗif. Wasu suka ce ta tsufa, wasu suka ce 'yarta ta hana ta waya, wasu suka ce fushi take yi da Anti.

Ina cikin kwafe lambobin a takarda mai tsabta sai hannuna ya tsaya. Lambar Mama ta ƙare da bakwai, bakwai, huɗu. Na san wannan lambar. Na buɗe wayata na duba jerin admin, sai ga ta, amma a wurina ba Mama aka rubuta ba. An rubuta Ƙofa.

Duk wanda ya nemi shiga zaure a watannin nan ya san Ƙofa. Kana neman shiga, washegari da safe za ta aiko maka hoto ɗaya: bayan wani koren ƙyalle, zaren ƙasa ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu, da alamar tambaya a ƙasa, ba wata kalma. Idan ka ce zaren sama ne ya saki, ko ba a zura shi daidai ba, sai ka ga an buɗe maka. Idan ka ce hoton me ne wannan, to ka yi ta jira. Mu sababbi duk mun ɗauka na'ura ce, irin da ake sa wa tambaya ta yi ta maimaitawa. Su kuma tsofaffi, da yake sun adana lambar da sunan Mama tun da daɗewa, ba su taɓa ganin kalmar Ƙofa ba, ba su ma san ana aika wani hoto ba. Rabin zaure ya san rabi, ɗaya rabin ya san sauran, kuma babu wanda ya taɓa haɗa su.

Na miƙe tsaye a tsakiyar shago, na sake zama, na sake miƙewa. Uwar ɗakina ta ce, "Ke lafiya? Allura kika taka?"

Ranar Alhamis bayan azahar na nemi izini na tafi neman gidan Mama. Ɗakin ɗinkinta yana bayan wani shagon gyaran fanka, sai ka bi ta wani siririn lungu. Ƙofar a buɗe take. Keke ɗaya ne baƙi, irin na da, an goge shi yana ƙyalli, sai teburin yanka da aka shafa wa baƙin fenti, da rigunan makaranta shuɗɗa a rataye bisa tsawo. Wata mata mai ƙaramin jiki, ba kamar yadda na zana ta a raina ba, tana zaune tana warware kalmasa. Ta naɗe wuyanta da ɗankwali duk da zafin da ake yi, waya kuma tana rataye a ƙirjinta cikin wata 'yar jaka da aka ɗinka da ragowar yadi. A gefen keken, an danne shi da gwangwanin maɓallai, ga koren ƙyallen nan.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, amma sai da na matso sosai na ji. Iska ce kawai take fita, da ɗan sautin kalma a cikinta. Ta ga fuskata, ta yi murmushi, ta ɗaga gefen ɗankwalin na ga tabon ɗinki a gindin wuyanta. Ta ɗauki alli ta rubuta a kan baƙin teburin: Aikin maƙoƙo. Likitan bai iya kalmasa ba.

Dariya ta kuɓuce mini kafin in tare ta. Ita ma ta yi, kafaɗunta suna rawa.

Na ce, "Mama, ranar Talata asibiti kike zuwa?"

Ta zaro ido. Ta rubuta: Wa ya gaya miki?

Na nuna mata bayan littafin awo na. Ta daɗe tana bin layukan da yatsa, sannan ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon da tela yake yi wa yadin da bai zaci zai isa ba. Ta goge tebur da tafin hannu ta rubuta: Ke ce kika ce a duba kwarkwaro ma. Kwarkwaro shi ne ɗan ƙarfen da ake naɗe zaren ƙasa a jikinsa, kuma lallai haka na ƙara a amsata wata bakwai da suka wuce. Ta tuna. Mutum ɗari uku da wani abu ta shigar, kuma ta tuna tawa.

Da alli da raɗa ta ba ni sauran labarin. Da can kiran mutum take yi ta yi masa tambaya da baki kafin ta buɗe masa. Da murya ta tafi, ta zauna ta lalata ɗinki da gangan ta ɗauki hotonsa. Bayan sallar asuba takan sa tabarau ta karanta duk abin da aka rubuta tun jiya, ta share na sharewa, ta duba masu jira a ƙofa, sannan ta hau keke. Mutum arba'in ɗin da baƙo ya kora, ita ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya daga wani tsohon littafi da take rubuta lambobi. Anti ta ɗauka Oga Mai Kwat ne, shi kuma ya ɗauka Anti ce, har sun yi wa juna godiya a bainar jama'a.

Na ce, "To Mama, ai sai ki rubuta ko da kalma ɗaya ce a zaure, shi ke nan dokar ba ta hau kanki ba."

Ta girgiza kai. Ta rubuta: In na yi rubutu za su ce ina muryar. In sun ji, sannu dubu. Ba na so.

"Za su karɓe makullin fa, jibi."

Ta kai hannu ta taɓa jakar wayar da ke ƙirjinta, ta gyara mata zama. Sannan ta rubuta a hankali: Na ga dokar. Doka ce mai kyau. Ta ja layi a ƙasa, ta ƙara: Kada ki faɗi ciwona.

Na fito lungun ina jin kamar an ɗora mini keke a ka. Idan na yi shiru, ranar Lahadi za ta tashi da asuba ta sa tabarau ta tarar babu abin da za ta iya taɓawa a zauren da ta kafa. Idan na faɗi dalili, na ci amanarta. Kuma ko ma mene ne zan faɗa, a gaban mutane zan faɗe shi, ni da ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu.

Ranar Asabar da hantsi shagon Anti ya cika. Mutum talatin ne suka samu zuwa, wasu a benci, wasu a kan bandir ɗin yadi, sauran kuma suna bi ta waya. An tura kekuna jikin bango. Oga Mai Kwat ya zo da dokarsa an buga ta a takarda, kwafi biyar. Ana ta shewa da tsokana.

"Oga, wannan kwat ɗin da zafin nan, ko kai za a rantsar?"

"Tela ba ya fita ba talla," in ji shi, yana gyara kwala.

Anti ta buɗe taro, ta bi ta kan tsadar man keke da wata mata da ta kawo yadi uku tana son riga da zane da ɗankwali da canji, sannan ta dawo. "Shiru-shiru, karanto mana. Ki ɗaga murya, ba da allura kike magana ba."

Na miƙe. Na buɗe takardar. Na karanta na Anti, aka yi tafi, wani ya ce ai da an ƙirga mintuna da ta cinye shekara. Na karanta na Oga. Na karanta na direba, aka ce Allah ya kiyaye hanya, a sauke shi. Da na zo kan Mama na ce babu ko ɗaya, sai shagon ya ɗan yi sanyi. Anti ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Uwata ce a sana'a, wallahi, amma doka doka ce."

Ban zauna ba. Na ce, "Anti, ina da tambaya."

"Iye! Yau ga baki. Yi."

"Wa yake buɗe wa sababbi ƙofa?"

"Ai da kansa yake buɗewa. Ko ba haka ba, Oga?"

Oga ya ce, "Ni dai na san ba ni ba ne. Na ɗauka ke ce."

"Ni? Ina na ga lokaci?"

Na ce, muryata tana fita da ƙyar, "Don Allah duk wanda ya shigo a wata takwas ɗin nan, na nan da na waya, ya turo hoton da aka aiko masa kafin a buɗe masa. Ya haɗa da lambar da ta aiko."

Anti ta ce wane hoto kuma, amma ta maimaita maganar a saƙon murya, don ta san tawa ba za ta kai ko'ina ba. Minti ɗaya ba abin da ya faru. Sai wayar wata mai ɗinkin yara ta yi ƙara, sai ta Oga, sai duk shagon ya ɗauka. Koren ƙyalle, koren ƙyalle, koren ƙyalle, suna shigowa suna ture juna sama, daga mutanen da ba mu taɓa gani ba, har da waɗanda ba su taɓa cewa komai a zaure ba. Wani ya rubuta cewa shi sau biyu ya faɗi kafin ya ci. Wata ta ce mijinta ta tambaya. Mutane suka miƙe tsaye suna ƙirgawa da ƙarfi, hamsin, tamanin, ɗari da goma.

Anti ta danna lambar da ke jikin hoton. Na ga lokacin da sunan ya fito mata. Ta dafe ƙirji ta zauna a kan kwandon ƙyallaye, kwandon ya lotse da ita.

"Mama ce! Jama'a, Mama ce! La ilaha, ni da nake cewa fushi take yi da ni!"

Shago ya kaure. Na samu ƙarfin nuna musu bayan littafin awo na, da ƙarfe shida da kwata, da mutum arba'in ɗin nan. Talata kawai na tsallake. Oga Mai Kwat ya cire kwat ɗinsa ya rataye a jikin keke, abin da aka ce ba a taɓa gani ba, ya ce, "Ashe surutu muka ƙirga." Ya zaro biro ya fara gyara dokarsa a tsaye.

Anti ta juyo kaina. "To me ya hana ta magana? Ke kin je wurinta, na gani a idonki."

Na ce, "Na je. Tana nan tana ɗinki. Sauran ita za ta faɗa in ta ga dama."

Anti ta buɗe baki, ta dube ni, ta rufe. Wani daga baya ya ce a rubuta ranar nan, Shiru-shiru ta yi magana, Zigizag ta yi shiru.

Dokar da aka kaɗa wa ƙuri'a ta fita daban da wadda aka shigo da ita. Kwana casa'in ɗin suna nan, amma aiki za a duba, na gani da na ɓoye, kuma kafin a taɓa makullin kowa sai mutum biyu sun taka har inda yake sun gan shi ido da ido. Wanda ya canza layi ya faɗa a ranar. Direba aka kira shi a take, ya ce wallahi ya manta ma yana da wani makulli, a cire, a kuma gaishe masa da kowa. Na Mama ba a ko kaɗa ba. Hannuwa sun riga tambaya tashi.

Ban jira an watse ba. Na tari mota, na sauka, na bi lungun da sauri har na yi tuntuɓe da wata fanka da aka ajiye a hanya. Na shiga ina haki ina cewa, "Mama, an bar miki! Mama, kin gani?"

Ta gani. Wayar tana kan keke, hotuna suna ta shigowa har lokacin. Idanunta sun yi ja kaɗan, amma fuskarta a ɗaure take. Ta nuna mini tebur, inda ta riga ta rubuta da manyan baƙaƙe: Kin tona mini jarrabawa. Yanzu kowane ɓarawo ya san amsa.

Wannan ko kusa bai zo mini a rai ba. Na fara ba da haƙuri, sai na ga kafaɗunta sun fara rawa. Ta jawo ni ta zaunar a kan benci, ta matso da bakinta kusa da kunnena ta ce, "Gobe Anti za ta zo, na sani. Ki zo ki taya ni saurare."

Sannan ta buɗe akwatin ragowar yadi ta zaɓi wani ruwan ƙasa, ta sa tsohuwar allura mai lanƙwasa, ta taka keke a hankali har ɗinkin ya fito yana tsallake-tsallake. Ta kai ƙyallen bakin taga inda haske ya fi, ta miƙo mini gefe ɗaya in riƙe, ta ɗauki hoto sau uku ta zaɓi ɗaya. Da ta gama ta cire allurar ta mayar da mai kyau, ta ɗiga wa keken mai, ta jawo rigar makaranta ta gaba ta ci gaba da kalmasa.